Intanet na gida a Boɗinga da Shagari: Abin dubawa kafin a zuba kuɗi

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, kuɗin data ya shiga sahun abubuwan da magidanci ke lissafawa a ƙarshen wata, kusa da kuɗin wuta da na makarantar yara. A gidajen da ke da samari masu buga eFootball ko PUBG ko Call of Duty, da masu sauke finafinai da darussa, sayen data kaɗan-kaɗan a waya ya zama tamkar zuba ruwa a kwando. Wannan ne ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama ke tunanin ajiye na'urar intanet guda ɗaya da za ta wadaci gida.

Tunanin yana da kyau, sai dai mazaunin Boɗinga ko Shagari ba zai yi zaɓi irin na mazaunin Abuja ko Legas ba. Garuruwan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma abin da aka fi dogara da shi a garuruwa irinsu shi ne sabis ɗin 4G da ke fitowa daga turakun kamfanonin waya. Wayar fiba da ake ja har cikin ɗaki ta fi yawa a manyan birane. Shi kuwa 5G, da MTN ya fara shi a watan Satumban 2022, birane bakwai ya zaɓa, Kano da Maiduguri da Abuja ne kawai na Arewa a cikinsu. Saboda haka wanda ya ga an rubuta 5G a jikin kwali a kasuwa ya sani cewa na'urar za ta koma 4G ne a duk inda turken da ke kusa ba ya ba da 5G.

Mai wasa da mai saukewa ba buƙatarsu ɗaya ba

Kusan duk tallan intanet adadi ɗaya yake ɗagawa sama, wato saurin da ake aunawa da Mbps. Adadin yana nuna yawan bayanan da za su iya wucewa a daƙiƙa ɗaya, kamar faɗin bututun ruwa. Mai sauke manyan fayiloli yana buƙatarsa. Mai wasa kuwa wani abu dabam ya fi damunsa, wanda 'yan wasa ke kira ping: lokacin da saƙo ke ɗauka ya tashi daga hannunsa ya isa kwamfutar da ke ɗauke da wasan, amsa ta dawo. Ana auna shi da ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan yana ƙasa da 60, wasa na tafiya sumul. Daga 100 zuwa 150 ana iya lallaɓawa. Da zarar ya haura 200, ɗan wasa zai danna ya buga ƙwallo bayan an riga an ƙwace ta.

Wasan kansa bai cika cin data ba. Awa ɗaya ta fafatawa a yawancin wasannin ba ta wuce megabait 50 zuwa 150, kuma saurin 5 Mbps ya ishe ta matuƙar layin ba ya tangal-tangal. Inda data ke tafiya shi ne wajen sauke wasan da sabunta shi. Akwai wasannin PlayStation da na kwamfuta da girmansu ya haura gigabait 100, kuma sabuntawa ɗaya kan cinye abin da gida ke amfani da shi a mako guda.

Akwai kuma iyakar da babu kamfanin da zai iya tsallake ta. Yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da manyan wasanni suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Saƙon da ya tashi daga Shagari sai ya ratsa kusan kilomita dubu ya isa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Portugal kimanin kilomita 7,000 ne. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin fiba, don haka zuwa da dawowa kaɗai sun lashe kusan ms 80 tun kafin a ƙara jinkirin da ke tsakanin turke da na'urar gida. Dillalin da ya yi alƙawarin ping 20 zuwa Turai daga Boɗinga, romon baka yake sayarwa. Dogaro da waɗannan wayoyi ya fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da gidaje a Najeriya suka shafe kwanaki cikin tsaiko.

Tarkon da ke cikin kalmar "mara iyaka"

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Yawancin tsare-tsaren da ake tallatawa a matsayin marasa iyaka suna ɗauke da sharaɗin da kamfanoni ke kira ƙa'idar amfani bisa adalci. Ma'anarta ita ce an ware wa mai saye wani adadi, a wata ko a rana, wanda zai samu da cikakken sauri. Idan ya cinye shi ba za a yanke layin ba, amma za a shaƙe saurin ya koma rarrafe.

Ɗan lissafi zai nuna girman bambancin. Bait ɗaya ya ƙunshi bit takwas, don haka ana raba adadin Mbps gida takwas kafin a san abin da ke sauka a zahiri. Layin 10 Mbps yana sauke megabait 1.25 a daƙiƙa, wato wasa mai gigabait 50 zai ɗauki kimanin awa 11. Idan aka shaƙe layin zuwa 2 Mbps, aikin ya koma awa 55. Idan aka mayar da shi rabin Mbps, sai an yi kwana tara na'ura tana kunne ba dare ba rana, a yankin da wutar lantarki ba ta kwana ɗaya cur. Tambayoyin da ya kamata a yi wa dillali, kuma a nemi amsarsu a rubuce a shafin kamfanin, su ne nawa ne adadin kafin a rage sauri, kuma saurin nawa ake bari bayan nan.

Kallon bidiyo ma ya shiga lissafi. Netflix da kansa ya bayyana cewa awa ɗaya ta hoto mai kyau sosai na iya cin gigabait 3, matsakaici kuma kusan gigabait 1. Gidan da ake kallon awa uku kowane dare a babban allo zai iya haura gigabait 200 a wata ba tare da kowa ya taɓa wasa ba.

Gwaji a tsakar gida ya fi shaidar maƙwabci

Ƙarfin sabis na canjawa daga unguwa zuwa unguwa, har daga ɗaki zuwa ɗaki. Abin da ya yi wa mai shago a bakin titi a Boɗinga aiki ba lallai ya yi wa na Sifawa ko Danchadi ba, haka abin da ke gudu a cikin garin Shagari zai iya sanyi a Kajiji ko Lambara. Dalilin yana cikin zangon da turke ke amfani da shi. Ƙananan zanguna irin 700 da 800 MHz suna tafiya nesa suna ratsa bango, amma suna saurin cika da jama'a. Manya irin 2600 MHz sun fi gudu, sai dai ba sa nisa. Glo, alal misali, yana amfani da 700 MHz wajen 4G ɗinsa, kuma ba kowace na'urar kasuwa ce ke kama wannan zango ba. Kaurin katanga da rufin kwano su ma suna rage ƙarfin sigina.

Hanya mafi arha ita ce a sayi ƙaramin tsari na mako ɗaya a layuka biyu ko uku, a gwada su a daidai inda za a ajiye na'urar. Manhajar Speedtest tana nuna sauri da ping, kuma yawancin wasannin suna nuna nasu ping ɗin a gefen allo, wanda shi ne ya fi gaskiya. Lokacin gwajin yana da muhimmanci ƙwarai. Sakamakon hantsi yaudara ne, domin turke ɗaya jama'ar gari ke rabawa. A gwada tsakanin sallar Isha'i da ƙarfe 11 na dare, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe waya. A kuma lura ko adadin na tsaye wuri ɗaya. Ping da ke zaune a 110 ya fi wanda ke tsalle tsakanin 60 da 300 amfani ga ɗan wasa.

Idan sigina na da rauni a ɗaki amma yana da ƙarfi a waje, akwai na'urorin da ake kafa eriyarsu a saman rufi a fuskanci turke, a jawo waya zuwa ciki. Sau da yawa wannan ya fi sauya kamfani amfani. Sannan haɗa na'urar wasa da rauta ta hanyar kebul ya fi Wi-Fi tabbas, kuma duk lokacin da wani a gida ya fara sauke babban fayil, ping ɗin mai wasa zai tashi. Gidan da ya saba barin saukewa sai tsakar dare ya rage wa kansa wannan rigima, ya kuma ci moriyar tsare-tsaren dare masu rahusa.

Starlink da batun wuta

Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta same shi. Taurarinsa suna yawo a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar tsofaffin taurarin da ke nisan kusan kilomita 36,000 ba, waɗanda jinkirinsu kan kai ms 600. Wannan kusanci ya sa ana iya wasa da shi, kuma bai damu da ko akwai turke a kusa ba, sararin sama kawai yake so a buɗe. Ga mai sauke manyan fayiloli a ƙauyen da 4G ke da rauni, da wuya a samu abin da ya kai shi.

Tsadar ce ke sa a ja numfashi. Kayan kafawa kaɗai dubban ɗaruruwan naira ne, kuma a tsakiyar 2025 kuɗin wata na tsarin gida ya tashi daga Naira 38,000 zuwa 57,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Ga ɗan kasuwar da zai yi amfani da layin wajen harkar shago da ta gida, lissafin na iya fita. Ga ƙaramin ma'aikacin da wasan yara ne kawai dalilinsa, abin ya yi nauyi. Ruwan sama mai ƙarfi a damina ma kan katse shi na ɗan lokaci.

Wuta ita ce abin da masu saye suka fi mantawa. Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne, kuma mazauna ƙananan hukumomi sun san yadda ake ɗaukewa ba sallama. Ƙaramar rauta ta 4G ba ta wuce wat 10 zuwa 15, ƙaramin batir ko sola zai riƙe ta tsawon dare. Babban faifan Starlink yana jan wat 75 zuwa 100, don haka sai an tanadar masa inbata ko sola mai ƙarfi, kuɗin da ya kamata a haɗa tun farko. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, shi ma yana sa na'ura ta rage gudu idan an ajiye ta kusa da kwano ko a taga mai rana.

Bayan an saya, a duba ko tsarin yana sabunta kansa yana cire kuɗi, da kuma ko ragowar data na bin mai ita zuwa wata na gaba. Lambar *323# tana nuna ragowar data a duk layukan waya. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani bai samu biyan buƙata ba yana iya kiran 622, layin kyauta na NCC, da lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi a hannu.