Manhajojin kyauta da duniya ta dogara da su: Me ya kamata a fara bincika?

A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga kwamfuta daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi diddigi, sai ya gano an ɓoye ƙofar kutse a cikin xz Utils, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin yawancin tsarukan Linux.

Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa ɗan sa kai guda da ke kula da manhajar, har ya samu amincewarsa.

Buɗaɗɗun manhajoji irin wannan, waɗanda kowa ke iya karanta lambobinsu ya gyara, su ne ginshiƙin bankuna, wayoyin Android da rumbunan bayanan gwamnatoci. Shi ya sa masu tsara manufofi ke muhawara kan tambayar da ta fi cancantar kuɗin bincike.

Darajarsu ko masu kula da su?

Wani ɓangare ya fi son a auna darajarsu da kuɗi. Binciken da Hukumar Tarayyar Turai ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa kamfanonin ƙasashenta sun zuba kusan Yuro biliyan 1 a 2018, wanda ya amfani tattalin arziki da Yuro biliyan 65 zuwa 95. Irin waɗannan alƙaluma ne ke shawo kan ministocin kuɗi.

Ɗaya ɓangaren na ganin alƙaluma ba sa nuna inda katangar ta tsage. Lokacin da aka gano matsalar Heartbleed a 2014, manhajar OpenSSL da ke kare sirrin shafukan intanet na samun gudummawar kusan dala 2,000 kacal a shekara. Rahoton Nadia Eghbal na 2016, wanda Gidauniyar Ford ta ɗauki nauyinsa, ya kwatanta irin waɗannan manhajoji da tituna da gadoji: kowa na bi, ba mai gyarawa.

Daga baya Gidauniyar Linux da Jami'ar Harvard sun fitar da ƙidayar manhajojin da aka fi amfani da su a 2022, shekarar da Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund don biyan masu kula da su.

Tambayar doka

Dokar tsaron intanet ta Turai, Cyber Resilience Act, ta fara aiki a Disamban 2024. Bayan ƙorafin masu manhajoji, an sassauta ta ga 'yan sa kai, aka ɗora babban nauyin kan kamfanonin da ke sayar da kaya.

Za a fara aiwatar da ita baki ɗaya a Disamban 2027. Kafin nan, masu bincike na da aikin gano ko hakan zai sa kamfanoni su tallafa wa masu kula da manhajojin, ko kuwa su ƙara musu takardun cikewa kawai.