Ɗalibin Aikin Lafiya a Ƙasar Hakimi

Makarantun koyon aikin lafiya, irin Makarantar Koyon Tsabta ta Kano, sukan aika da ɗalibansu ƙauyuka domin su gwada da hannu abin da suka karanta. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda yinin irin wannan baƙo yake, gama rabin aikinsa yana hannunsu.

Da sassafe ɗalibi yakan fara da ɗakin shan magani. Abu na farko shi ne duban sanyin akwatin allurar rigakafi, domin yawancin alluran nan sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ba haka ba su lalace ba tare da ido ya gane ba. Sa'an nan ya auna nauyin jarirai, ya duba katinsu. Allurar tarin fuka ana yinta da haihuwa, ta ƙyanda kuwa a wata 9.

Da hantsi sai ya bi duba-gari cikin unguwanni. Su leƙa mahauta, da kwatami, da rijiya. Salga ba ta kyautu kusa da rijiya ba, akan so tsakaninsu ya kai mita 30. A nan ne ɗalibi yakan gamu da wuya, gama maigida ba ya buɗe wa yaro baƙo zaure sai ya ga mai unguwa tare da shi. In an haɗa shi da ɗan rakiya daga fada, aikin kwana uku sai ya ƙare a yini guda.

Da la'asar yakan zauna ga littafinsa, ya rubuta abin da ya gani. Wannan shi ne mafi nauyin aikinsa. Amai da gudawa na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan sa'o'i, sanƙarau kuwa yakan taso da bazara. Haka kuma yaron da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ta saki farat ɗaya, lalle a sanar da jami'in ƙaramar hukuma nan da nan, a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a kai gwaji. Labarin da ya kwana a gidan dagaci ya rage amfani.

Ba a banza ake wannan wahala ba. An tabbatar da ƙarewar agana a duniya a 1980. An shaida Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013, da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Amma da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta, ba ta ja da baya sosai ba sai da sarakuna suka sa hannu.

Saboda haka ana roƙon hakimi ya gabatar da ɗalibi ga dagatai da limamai tun ranar zuwansa, ya kuma sama masa masauki. Malamin hakimi ya nuna masa littafin haihuwa da mutuwa, kuma kome ƙanƙantar labarin ciwo, ya isar masa a ranar da ya ji shi.