Bourbon ɗin sari da wuskin ƙananan matatu

Bourbon ɗin sari, wanda ake kira sourced bourbon da Turanci, shi ne wuskin da wani kamfani ke saye ganga-ganga daga babbar matatar barasa a Amurka, ya ɗura shi a kwalba, ya sayar da sunansa. Wuskin ƙananan matatu kuwa, wato craft whiskey, shi ne wanda ƙaramar matata ke haɗawa da kanta tun daga hatsi har zuwa kwalba. Tun shekarun 2010 ake muhawara kan wanda ya fi inganci a tsakanin biyun. Muhawarar ta shafi ɗanɗano da farashi, ta kuma shafi gaskiyar abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Ma'anar bourbon a doka

A shekarar 1964 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana bourbon a matsayin abin sha na musamman na ƙasar. Dole a yi shi a cikin Amurka, kuma masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi amfani da shi. Sauran yawanci hatsin rai ne ko alkama, tare da tsiron sha'ir. Ƙarfin barasar ba zai wuce kashi 80 ba lokacin tacewa, ba zai wuce kashi 62.5 ba lokacin zuba shi a ganga, kuma ba zai gaza kashi 40 ba a kwalba. Gangar dole ta zama sabuwa, ta itacen oak, wadda aka babbake cikinta da wuta.

Waɗannan sharuɗɗa suna kan kowa, babba da ƙarami. Amma kalmar craft ba ta da wata ma'ana a dokar tarayya. Ƙungiyoyin masu sana'ar ne ke tsara nasu ma'aunin. Ƙungiyar American Craft Spirits Association, alal misali, tana kallon ƙaramar matata a matsayin wadda ba ta kai galan 750,000 a shekara ba.

Dalilin da ya sa ake sari

Wuski sana'a ce ta jira. Wanda ya gina matata yau zai sayi tukunyar tacewa, da hatsi, da ganguna, ya biya ma'aikata, sannan ya zuba ido na tsawon shekaru kafin ya sami abin sayarwa. A kowace shekara kuma wani kaso na barasar yana bin iska ta jikin itacen gangar. Shi ya sa sababbin kamfanoni da yawa ke sayen wanda ya riga ya tsima a wani wuri domin su sami kuɗin juyawa.

Matatar da ta fi shahara da wannan ciniki tana garin Lawrenceburg a jihar Indiana. Kamfanin Seagram ya mallake ta a 1933, ta bi ta hannun wasu kamfanoni, har MGP Ingredients na jihar Kansas ya saye ta a 2011. An fi saninta da wuskin da kashi 95 na hatsinsa hatsin rai ne, sai kuma bourbon iri biyu, mai kashi 21 da mai kashi 36 na hatsin rai. Kwalabe masu sunaye daban-daban da yawa a kantunan Amurka daga wannan matata guda suka fito.

Sari ba sabon abu ba ne, kuma ba na ƙananan kamfanoni kaɗai ba ne. Bulleit ya shafe shekaru ana tace masa bourbon a matatar Four Roses kafin ya buɗe tasa a Shelbyville, jihar Kentucky, a 2017. Iyalan Willett na Bardstown sun daɗe suna ɗura wuskin wasu kafin su koma tacewa a 2012.

Kwatanta inganci

Babban abin da na sari ya fi da shi shi ne shekaru da daidaito. Babbar matata tana da yis ɗin da ta daɗe da saninsa, da doguwar na'urar tacewa mai aiki ba tsayawa, da rumbuna cike da dubban ganguna. Idan ganga ɗaya ta ɓaci, sauran za su rufe mata asiri. Mai sari da ya iya zaɓe yana iya samun wuski mai shekara shida ko goma ranar da ya fara ciniki. Rauninsa shi ne kamanni: kamfanoni biyar na iya sayar da kusan abu ɗaya, kowa da labarinsa da farashinsa. Haka kuma mai sari ba shi da iko a kan kayan. Idan matatar ta ƙara kuɗi ko tsofaffin gangunanta suka ƙare, ɗanɗanon kwalbarsa zai sauya.

Ƙananan matatu sun fi 'yancin gwaji. Balcones da ke Waco a jihar Texas ta yi suna da wuskin shuɗiyar masara. Wasu suna sayen hatsi daga gonakin da ke kewaye da su, wasu suna tacewa da tukunyar tagulla, wadda ke barin mai da ƙamshin hatsi fiye da doguwar na'ura. A wurare masu zafi irin Texas, itacen ganga yana saurin ba barasa launi da ɗanɗano, ko da yake asarar da ke bin iska ta fi yawa.

Matsalarsu ta farko ita ce gaggawa. Gangar da aka saba da ita tana cin galan 53 (kimanin lita 200). Don su rage jira, matatu da yawa sun koma ga ƙananan ganguna. Tuthilltown ta jihar New York, wadda ta yi Hudson Baby Bourbon, tana cikin waɗanda suka fara da haka. A ƙaramar ganga barasa tana taɓa itace sosai, don haka cikin watanni take yin duhu. Sai dai launi daban, nuna daban. Sauye-sauyen da iska ke kawowa a hankali, waɗanda ke kashe kaifin sabuwar barasa, ba sa yin sauri don an rage girman ganga. Sakamakon yakan zama wuski mai ɗacin itace da warin ɗanyen hatsi a lokaci guda. A 2012 matatar Buffalo Trace ta sanar cewa gwajin da ta yi da gangunan galan 5, 10 da 15 bai yi nasara ba. Ya kamata a lura cewa ita babbar matata ce, kuma tana da nata ra'ayin a cikin maganar.

Farashi ma yana shiga lissafi. Ƙaramar matata tana kashe kuɗi da yawa a kan kowace kwalba, don haka wuskinta mai shekara biyu yana iya fin na babbar matata mai shekara takwas tsada. Wannan tazara ta ragu yayin da matatun da aka kafa a shekarun 2010 suka fara fitar da wuski mai shekara huɗu zuwa sama daga manyan ganguna. New Riff da ke Newport, Kentucky, ta buɗe a 2014, ta riƙa sayar da bourbon ɗin Indiana da sunan O.K.I. ba tare da ɓoye asalinsa ba, sai a 2018 ta fitar da nata.

Akwai kuma masu sarin da gwanintarsu ke cikin gauraya. High West ta jihar Utah da Barrell Craft Spirits ta Louisville suna haɗa ganguna daga matatu daban-daban su fitar da ɗanɗanon da babu wata matata guda da ke da shi. A ƙasar Scotland an daɗe ana girmama wannan aiki a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Rikici kan rubutun kwalba

Abin da ya fi ɓata sunan na sari shi ne ɓoye asali. A 2014 jaridar intanet ta The Daily Beast ta buga wani rahoto da ya nuna cewa wuski da yawa da ake tallatawa a matsayin aikin hannu na ƙaramar matata daga Indiana yake. An kai kamfanin Templeton Rye na jihar Iowa ƙara kan yadda yake tallata wuskinsa da labarin wani tsohon haɗi na zamanin haramcin barasa. An sasanta a 2015, kamfanin ya amince ya rubuta a kwalba cewa a Indiana aka tace shi, ya kuma cire wasu kalaman talla. A 2018 ya buɗe matatarsa a garin Templeton.

Dokar tarayya ta buƙaci a ambaci jihar da aka tace wuski idan ta bambanta da wadda ke cikin adireshin kamfanin. Kalmomin "distilled by" suna nufin kamfanin da kansa ya tace, yayin da "bottled by" ke nufin ɗurawa ya yi. Idan an rubuta "straight", wuskin ya yi aƙalla shekara biyu a ganga, kuma idan bai kai huɗu ba dole a faɗi shekarunsa. Alamar "bottled in bond", wadda ta samo asali daga wata doka ta 1897, ta fi tsauri: matata ɗaya, zangon tacewa ɗaya, aƙalla shekara huɗu, da ƙarfin kashi 50 daidai, tare da bayyana matatar da ta tace shi. Ƙananan matatu da dama sun rungumi wannan alama a 'yan shekarun nan don su nuna cewa wuskin nasu ne kuma ya kai shekarun.