Nawa ne kuɗin aikin? Yadda Amurka ta tilasta wa asibitoci bayyana farashi

A Amurka, sau da yawa mara lafiya ba ya sanin nawa za a caje shi sai bayan an sallame shi, takardar biyan kuɗi ta iso gida.

Domin magance haka, tun daga ranar 1 ga Janairun 2021 hukumar CMS, mai kula da inshorar lafiya ta gwamnati, ta wajabta wa asibitoci wallafa farashinsu a intanet, har da wanda suka daidaita a kai da kowane kamfanin inshora. Dole ne kuma su nuna kuɗin ayyuka 300 da ake iya tsara yin su tun da wuri, kamar ɗaukar hoton MRI.

Da farko tarar ƙin bin dokar dala 300 ce a rana, abin da bai taka kara ya karya ba ga manyan asibitoci. A 2022 aka ɗaga ta har zuwa dala 5,500, kuma a watan Yunin shekarar aka ci tarar asibitoci biyu na Northside da ke jihar Jojiya fiye da dala miliyan ɗaya.

Sai dai ko waɗanda suka bi dokar, kowa da irin nasa tsarin rubutu. Aiki guda na iya fitowa da suna daban a asibitoci biyu, don haka kwatanta farashi ya gagara. Shi ya sa daga ranar 1 ga Yulin 2024 hukumar ta ce kowa ya yi amfani da tsari iri ɗaya da ta fitar.

Arha kaɗai ba ta isa ba, sai an san ingancin aiki. Tun 2016 CMS ke bai wa asibitoci tauraro ɗaya zuwa biyar, bisa ma'aunai irin su yawan mace-mace, komawa asibiti bayan sallama, da ra'ayin marasa lafiya. Asibitocin koyarwa da masu karɓar talakawa sun koka cewa ma'aunin bai yi musu adalci ba, saboda marasa lafiyarsu sun fi jin jiki. A 2021 aka sake fasalin lissafin.

Wanda aka garzaya da shi asibiti cikin dare ba shi da lokacin duba farashi. Amma mai juna biyu da ke shirin haihuwa, ko wanda aka sa wa ranar tiyata, yanzu yana da inda zai duba kafin ya sa hannu.