Motar da ba ta riƙe silo: Matsalar da direbobin hanyar Gurbin Bore ba sa wasa da ita

A cikin gari, idan mota ta mutu a kan layi, abin bai wuce a sha hon daga na baya, a sake murza makulli a tafi ba. A hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi da Gurbin Bore ta faɗa Jibiya a Jihar Katsina, lamarin ya fi haka nauyi. Hanya ce da ta yi shekaru tana fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma babu direban da ke son buɗe bonet a tsakiyar dajinta da fasinjoji cike da mota.

Galibin motocin haya a wannan yanki tsofaffi ne: Golf ce ta fi yawa, sai ragowar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da yawansu kafireta ke ba su mai. Har Golf 3, wadda ta fito daga kamfani da injekta, akan cire mata a ɗaura kafireta domin ita ce bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya ya gyara.

Ciwon da ya fi addabar irin waɗannan motoci shi ne wanda direbobi ke kira "rashin silo" da "mis". Mota na tafiya lafiya, amma da zarar an ɗaga ƙafa daga totur domin rami, ko shingen jami'an tsaro, sai inji ya kama karkarwa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Wato dai a daidai wurin da ake rage gudu ne take bayar da kai.

Kuskuren farko

Abin da aka saba gani shi ne a ɗauko sukundireba a murza sukurun silo har inji ya ɗaga murya. Karkarwar takan ragu, direba ya biya ya tafi. Sai dai ciwon yana nan, an rufe shi ne kawai. Injin silinda huɗu mai lafiya yakan tsaya tsakanin juyi 750 zuwa 950 a minti. Wanda aka ɗaga sama da haka yana ƙona man banza a duk tsayuwa, kuma tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan asara ce da ke fita kai-tsaye daga kuɗin cefanen direba.

Inji na buƙatar abubuwa huɗu: wuta a kan lokaci, iska, mai, da matsi a cikin silinda. Kafireta na da hannu a biyu kacal. Shi ya sa gogaggun bakanikai ba sa fara taɓa ta.

A fara da wuta

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Inji na silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu. Silindar da ke aiki, da an zare wayarta inji zai ƙara faɗuwa. Wadda aka zare babu abin da ya sauya, ita ce mai laifi. Daga nan sai a musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. Idan mis ɗin ya bi fulogin, an gano ɓarawo. Idan ya tsaya a wurinsa, sai a duba waya da murfin distiributa.

Shi kansa fulogin yana ba da labari. Baƙin toka busasshe na nufin mai ya yi yawa. Jiƙewa da baƙin mai na nuna zoben fistin ko robar bawul sun gaji. Fari fat na nufin iska ta rinjayi mai. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injina kusan milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Motar da ke mis da sanyin safiyar damina, ta ware idan rana ta yi, sau da yawa murfin distiributa ne ya tsage ko wayoyi suna yoyon wuta. A buɗe bonet da daddare, za a ga tartsatsin da ido. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan an taɓa wayoyin, a tabbatar sun koma bisa tsarin 1-3-4-2. A 504 mai kwantak, a duba ko bakinsa ya ƙone, sannan a daidaita taimin.

Iskar sata

Idan wuta lafiya, sai a nemi iskar da ke shiga ta bayan fage. Inji na son iska kimanin kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. A silo iskar da ke bi ta kafireta kaɗan ce, don haka ƙaramar tsaga a tiyo ta isa ta ɓata lissafi, alhali a kan gudu ba za a ji ta ba. A Golf, robar da kafireta ke zaune a kanta ta shahara da tsagewa saboda zafi da jijjiga. A ɗan girgiza kafiretar da hannu. Idan muryar inji ta sauya, robar ce. Haka tiyon da ke zuwa tukunyar birki. Wasu na yayyafa fetur don neman tsagar, amma a kan inji mai zafi wannan neman gobara ne. Ruwa ma yana nunawa.

Akwai kuma akasin haka. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji na toshe matatar iska, inji ya shaƙe, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Cire matatar a jefar, kamar yadda wasu ke yi, gayyatar yashi ne cikin silinda.

Sannan a zo ga mai

A ƙauyukan yankin, mota ba ta rabuwa da man galan na 'yan bumburutu, wanda kan zo da ruwa ko tsatsa. A tsiyayi kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa. Jet ɗin silo ramin sa bai kai milimita ɗaya ba, ƙwayar datti guda ta isa ta toshe shi. Alamar ita ce mota na mutuwa a silo amma tana tafiya idan an taka. A wanke shi a busa da iska; zira masa waya na faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai har abada. Idan kafiretar na da ƙaramin makunnin lantarki da ke yanke man silo, a saurari ƙararsa lokacin da aka murza makulli. Warin fetur da ambaliya kuwa aikin fulot ne ko allurarsa.

Sai bayan an kammala duk wannan, inji ya yi zafi, cok ya buɗe sosai, za a taɓa sukurun daidaitawa.

Idan duk an duba ba a samu ba

Saura matsi. Silinda ɗaya da ta gaza sauran sosai a ma'auni na nuna ƙonannen bawul ko zobe. Biyu da ke maƙwabtaka sukan nuna gasket ɗin top, musamman idan ruwan lagireto na raguwa. Wannan aikin kwance inji ne, babu sukurun da zai magance shi.

Ga direban da zai yi lodin kasuwar Alhamis ta Shinkafi ko ta Lahadi a Jibiya, akwai gwajin minti biyar kafin barin tasha: inji ya yi zafi, a kunna fitilu, a taka birki sau uku, a ba da wuta a saki. Idan ya yi kamar zai ɗauke, gara a rasa lodin safe a gareji da a kwana ana neman mai janwe tsakanin Zurmi da Gurbin Bore. Fasinja ma yana da kunne. Motar da ke karkarwa tun tana tasha, ba laifi ba ne ya ɗauki jakarsa ya jira ta gaba.