Tuwo ko Man Shanu: Wanne Ne Guzurin Mai Dogon Gudu?

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Samarin Zungur da kan yi sammako zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, wasu a guje wasu bisa kekuna, sun san gaskiyar wannan magana. To amma yanzu wata koyarwa ta iso musu daga ƙasashen Turawa, wai mai son ƙarfin jure wahala ya rage tuwo da shinkafa da masa, ya koma ga nama da ƙwai da man shanu.

Koyarwar ta yi ƙarfi ne a wurin masu gasar nan mai hawa uku da aka fara a tsibirin Hawai a 1978, inda mutum zai yi iyo kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, sa'an nan ya yi gudun kilomita 42, duk a yini guda. Hujjarsu kuwa ita ce jikin ɗan Adam rumbu biyu gare shi. Na farko ƙarami ne, wato sukarin da hanta da tsoka ke adanawa daga abincin hatsi, wanda bai wuce kamar rabin kilo ba, kuma gudu mai tsanani kan cinye shi cikin sa'a biyu. Na biyu shi ne kitse, wanda ko siririn mutum yana ɗauke da abin da zai kai shi kwanaki. Suka ce idan aka hana jiki hatsi na 'yan makonni, sai ya koyi buɗe babban rumbun.

Lalle akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2016 masanin Amurka Jeff Volek ya gwada 'yan dogon gudu 20, ya tarar waɗanda suka bar hatsi suna ƙona kitse fiye da ninki biyu na sauran. A nan gida ma, binciken da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos ya nuna kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake fitowa, amma duk da haka jikinsu ba teɓa, kitsen jininsu kuma daidai. Duk wanda ya ga makiyayi ya wuni bin shanu a dajin Bauchi da ƙoƙon kindirmo kaɗai, ba zai yi mamaki ba.

Sai dai tafiyar makiyayi daban, tsere daban. Kitse ya fi sukari cin iska kafin ya zama ƙarfi, ga shi kuwa numfashi shi ne jarin mai tsere. A 2017 Louise Burke ta Ostireliya ta ba gwanayen tseren sassarfa irin wannan abinci har mako uku. Sun ƙona kitse ƙwarai, amma saurinsu bai ƙaru ba, alhali abokansu masu cin hatsi sun ƙara sauri. Haka kuma 'yan Kenya da suka gagari duniya a dogon gudu, tuwon masara da shayi mai sukari ne ƙashin bayan abincinsu.

Saboda haka saurayin Zungur kada ya yi saki-na-dafe. Nono da gyaɗa da man shanu guzuri ne na tafiya sannu sannu kwana nesa, amma ranar da za a yi rige-rige, tuwon dawa da furar gero su ne abokan tafiya, ga su kuma sun fi nama araha a kasuwar Wunti. Mai ciwon sukari ko na ƙoda kuwa, kada ya sāke abincinsa sai da shawarar likita, gama abincin wani gubar wani ne.