James Barnor da Hotunan Bangon Mujallar Drum

A Turai da Amirka akwai wani irin hoto na 'yan mata kyawawa da a kan buga a bangon mujalla ko a kalanda, samari su yanke su manna a ɗakunansu. Da, kusan duk matan da a ke gani a irin wannan hoto Turawa ne. Cikin waɗanda su ka sāke wannan al'amari har da wani mutumin Ghana, James Barnor.

An haife shi a Ankara cikin 1929. A nan ya koyi ɗaukan hoto, ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki, ya kuma buɗe shagonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown. Cikin 1959 ya tafi Ingila, ya shiga makarantar Medway a jihar Kent, ya ƙware wajen hoto mai launi, wanda a lokacin ba kowa ya iya wanke shi ba.

To, a zamanin nan akwai wata mujalla wai ita Drum, watau ganga. An kafa ta a Afirka ta Kudu cikin 1951, a na kuma buga ta dabam domin Ghana da Nijeriya. Al'adarta ce ta sa hoton budurwa a bango. Barnor ya riƙa ɗauko mata hotunan baƙaƙen 'yan mata mazauna London. Sau da yawa ba ya tsai da su cikin shago, sai ya fita da su titi, ko lambu, ko gefen mota, su na sanye da tufafin yayi.

Dalilin da ya sa hotunan nan su ka fi ƙarfin ado kawai shi ne, baƙar fata na shan wuya a Ingila a lokacin. Cikin 1958 an yi tarzoma a unguwar Notting Hill, cikin 1962 kuwa a ka yi dokar rage shigowar mutanen ƙasashen renon Ingila. Masu gidaje da yawa ba su ba baƙi haya. Ga shi kuwa mai karatu a Ikko ko Kumasi ya na ganin 'yar'uwarsa tsaye a tsakiyar London, kanta a ɗage, ba alamar tsoro.

Bayan shekara goma Barnor ya koma Ghana ya kafa wurin wanke hoto mai launi. Da ya dawo London cikin 1994, kaɗan ne su ka san shi. Dubban hotunansa na ajiye, ba mai dubawa.

Taimako ya zo ne daga 'yan'uwansa masu sana'a. Tun 1988 baƙaƙen masu ɗaukan hoto na London su ka kafa ƙungiyar Autograph, don su riƙa nuna aikin junansu, da ya ke manyan gidajen nuni ba su kula da su. Ita ce ta tattara hotunansa, ta nuna su a Rivington Place cikin 2010, ya na da shekara 81. Cikin 2021 kuma babban gidan nan na Serpentine ya yi nunin aikinsa. Shi ma daga baya ya kafa gidauniya mai ba 'yan Afirka masu ɗaukan hoto kyauta, don kada su jira tsufa kafin a san su.